Sikelin Bradford da Farantin Ɗan Firamare

Ka taɓa lura da yaron da ya zo aji bai karya ba? Abu kaɗan sai kuka, ko faɗa, ko ya kifa kai a kan benci. Malaman Bradford, wani garin masaƙu a arewacin Ingila, sun san irin wannan yaro sarai tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan an wajabta wa iyaye sa 'ya'yansu a makaranta. Margaret McMillan, wadda aka zaɓa cikin hukumar makarantun garin a 1894, ta dage cewa ba adalci ba ne a tilasta wa yaro karatu alhali cikinsa babu komai.

Kada ka ɗauka tausayi kaɗai ne ya motsa gwamnati. A yaƙin Boer na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, an mayar da samari da yawa da suka nemi shiga soja saboda jikinsu ba ƙwari. Nan fa hankalin manya ya tashi. A 1906 majalisa ta yi dokar da ta bai wa ƙananan hukumomi izinin ciyar da yara daga kuɗin haraji. Izini ne fa, ba dole ba, kuma iyayen da ke da hali su za su biya. Da yawa cikin hukumomin suka yi biris.

Bradford ba ta yi biris ba. A 1907 likitan makarantun garin, Ralph Crowley, ya ɗauki yara wajen 40 daga gidajen talakawa, ana ba su karin kumallo da abincin rana daga Afrilu zuwa Yuli, ana ɗora su a sikeli. Nauyinsu ya yi ta hawa. Da aka tafi hutu, sai ya sauka. Da aka dawo, ya sake hawa. Sai a 1914 doka ta yarda a ciyar da yara har lokacin hutu.

Abin da ya fi burge ni a gwajin ma ba sikelin ba ne. An shimfiɗa ƙyalle a kan tebur, an ajiye furanni, manyan yara suna zuba wa ƙanana. Wato dai an nuna wa ɗan talaka cewa shi ma mutum ne da ake jira a tebur. A yau masu nazarin halayyar yara suna cewa juriyar zuci, yadda yaro zai faɗi jarrabawa ko a tsokane shi ya shanye ya ci gaba, ba wai haihuwarsa ake da ita kawai ba. Tana tsirowa ne inda yaro ya san abin da gobe za ta kawo, kuma akwai babban da ya dogara da shi. Yunwa na tayar da sinadaran fargaba a jiki, irin su kotizol, ta sa riƙe fushi da mayar da hankali su yi wuya. Rashin tabbas ɗin ko za a ci gobe, shi ma nauyi ne na daban.

Dokar ilimi ta 1944 ta mayar da abincin rana wajibi a kan hukumomi. To amma tambayar wa zai biya ba ta mutu ba, kuma a kan yara ta sauka. A makarantu da dama, masu cin kyauta tikitinsu daban, wani lokaci layinsu ma daban. Kowa a aji ya san gidan wa babu. Wasu yaran sun gwammace su wuni da yunwa da su shiga wannan layin, ka ga an cika ciki ke nan an ƙuntata zuciya. A 1980 gwamnatin Margaret Thatcher ta soke ƙa'idojin gina jiki na abincin, ta bar hukumomi su yanka farashi yadda suka ga dama. Sai a 2014 aka ce duk yaron da ke ajujuwa uku na farko a makarantun gwamnati a Ingila ya ci kyauta, ba ruwan kowa da albashin ubansa.

Saura maganar hutu. A 2020, lokacin korona, gwamnati ta ce ba za ta ci gaba da bai wa yaran talakawa takardar sayen abinci ta fam 15 a mako a dogon hutu ba. Marcus Rashford, ɗan wasan Manchester United a lokacin, wanda shi ma ya ci abincin makaranta kyauta yana yaro, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa a watan Yuni. Washegari gwamnati ta janye, shekara 113 bayan Crowley ya ga nauyin yaransa ya sauka a hutu.