Tamaula da Iyayen Gidanta: Daga Tashar Kafanchan Zuwa Kaduna

Idan watan Agusta ya kama, ko kuwa Janairu, lokacin da kasuwar 'yan wasa ke ci a ƙasashen Turai, babu wata muhawara da ke ɗaukar zafi a gidajen kallon ƙwallo na Kafanchan da Kagoro da Zonkwa, da teburan masu shayi, da inuwar da 'yan acaɓa ke jiran fasinja, kamar ta wane ɗan wasa zai koma ina, wane koci ne kujerarsa ke rawa, wane attajiri kuma zai sayi wace ƙungiya. Shekara da shekaru samari suna tafka musu a kan ko Alhaji Aliko Ɗangote zai sayi Arsenal, tun da shi da bakinsa ya sha faɗin yana da wannan buri. Haka nan daga watan Nuwamba na 2022, sa'ad da iyalan Glazer suka ce suna sauraron masu tayin Manchester United, har zuwa farkon 2024 da Jim Ratcliffe ya sayi wajen rubu'in hannun jarinta, magoya bayanta na nan ba su kwana da natsuwa ba. Mai sauraro sai ya zaci wannan zullumi baƙon abu ne da tauraron ɗan'adam ya sauke mana, alhali kuwa ya girme shi nesa ba kusa ba, domin tamaula a ƙasarmu ba ta taɓa tsayawa da ƙafarta ba: tun ranar da ta shigo tana da ubangida, kuma tarihinta, in an bi shi a tsanake, tarihin sauyawar iyayen gidan nan ne.

Ubangidanta na farko shi ne reluwe, kuma babu garin da ya fi Kafanchan cancantar a faro wannan labari daga cikinsa. A shekarar 1927 ne layin dogo da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya sadu da Kaduna ta wannan wuri, aka kuma fitar da reshe zuwa Jos saboda kuzar da ake haƙa a kan tudun nan. Daga baya, tsakanin 1958 da 1964, aka ja wani reshen daga Kuru har Maiduguri. Wurin da a da ƙasar noma ce ta mutanen Fantswam sai ya zama mahaɗa, ya cika da direbobi da makanikai da akawuna da leburori daga kudu da arewa, har ta kai Sarkin Jama'a ya bar tsohon garinsa ya dawo kusa da tasha. Mutanen da suka bar garuruwansu, suke tashi aiki a sa'a ɗaya, suke zaune a bariki ɗaya, harshe bai haɗa su ba, addini bai haɗa su ba, lalle suna bukatar abin da zai tara su da la'asar. Ƙwallo kuwa ba ya bukatar tafinta. Makarantun mishan na Kwoi da Kagoro da sauran ƙasar suka ɗauki nasu rabon, suka sa shi cikin tarbiyyar yara tare da fareti da waƙa, amma a wurin ma'aikatan jirgi ne wasan ya haɗu da albashi.

Wanda ke son ya ga yadda wannan haɗuwa ta kasance sai ya dubi Ikko, inda hedikwatar reluwe take. A 1945 Gwamna Arthur Richards ya ba da kofin da aka sa wa suna Kofin Gwamna, wanda daga baya ya zama Kofin Ƙalubale, wato kofin ƙasa. Ƙungiyar Marine ce ta fara ɗaukarsa, amma ƙungiyar Reluwe ta Ikko ta ɗauke shi sau bakwai tsakanin 1946 da 1964. Sirrinta ba ɓoyayye ba ne. Wani Baturen reluwe, Mista Urion, in ya ga yaro mai ƙafa a wata ƙungiya, ba kuɗi yake kai wa ƙungiyar ba, aiki yake ba yaron, a rubuta sunansa cikin littafin ma'aikata, ya zama akawu ko ɗan koyo a wurin gyaran injuna da safe, ɗan wasa da yamma. To, wannan shi ne cinikin 'yan wasa na wancan zamani: ba dillali, ba la'ada, sai takardar ɗaukar aiki. Teslim Balogun, wanda ake kira Thunder saboda ƙarfin bugunsa, ya bi wannan hanya ƙungiya bayan ƙungiya. Ya buga wa Marine da UAC da Reluwe, yana cikin tawagar Nijeriya da ta je Ingila a 1949, sa'an nan ya hau tudu ya buga wa Jos, wadda ta kai wasan ƙarshe a 1951 ta sha kashi a hannun Reluwe ɗin da ya baro. Bayan shekara biyu, a 1953, Kano ta ɗauki kofin, ta zama ta farko da ta fitar da shi daga Ikko.

A ganina wannan tsari, duk da cewa a inuwar mulkin mallaka ya tsiro, yana da wani adalci da ba a sake samun irinsa ba. Ɗan wasa in gwiwarsa ta lalace bai zama almajiri ba, yana da tebur ko benci da zai koma, yana da fansho a ƙarshen aiki. Aibinsa ɗaya ne, amma babba: ƙungiya ba ta da rai sai na ma'aikatar da ta haife ta. Da fitinar 1966 ta auku, ma'aikata 'yan Gabas da yawa suka bar Kafanchan da sauran garuruwan tasha, yaƙin basasa ya yanke layin Fatakwal har zuwa 1970, sa'an nan manyan motoci suka ƙwace dakon kaya sannu a hankali, har Hukumar Jiragen Ƙasa, wadda aka kafa a 1955, ta wayi gari a ƙarshen shekarun 1980 ba ta iya biyan ma'aikatanta a kan kari. Ma'aikatar da ta gaza biyan direba ba za ta sayi takalmin ɗan wasa ba.

Kafin nan nauyin ya riga ya koma Kaduna, inda masaƙu da masana'antu suka tsaya a matsayin da reluwe ya bari. Masaƙar UNTL tana da ƙungiyarta, haka ma masana'antar ƙera makamai ta soja, DIC, wadda aka kafa a 1964, kuma ƙungiyarta, DIC Bees, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 1983, inda Rangers ta Inugu ta rinjaye ta a bugun fenareti. Sai dai a daidai wannan lokaci wani irin ubangida ya riga ya bayyana, wato attajiri mai son a san sunansa. Alhaji Isiyaku Ibrahim ya buɗe wannan ƙofa a Jos da Mighty Jets, wadda ta ɗauki gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972. A kudu Cif M.K.O. Abiola ya kafa Abiola Babes, Cif Iwuanyanwu ya karɓi Spartans ta Owerri ya sa mata sunansa. A Kaduna kuwa Alhaji Muktar Aruwa, wanda daga baya ya zama sanata daga 1999 zuwa 2007, shi ya karɓi DIC Bees ya mai da ita Ranchers Bees, mutane kuma, da yake sun san inda kuɗin ke fitowa, suka riƙa kiran 'yan wasanta yaran Aruwa.

Shekaru uku na wannan ƙungiya sun isa a tsaya a kansu, domin a cikinsu ne ake ganin falalar mulkin attajiri da hatsarinsa a wuri guda. A 1987 Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa, Abiola Babes ta ɗauke shi. Amma ba a jima ba Abiola ya rushe ƙungiyarsa, kamar yadda kamfanin Leventis ya rushe tasa ƙungiyar a Ibadan, sai ga zakarun ƙasa biyu sun ɓace ba don an ci su a fili ba, sai don iyayen gidansu sun janye hannu. Ta haka Ranchers Bees ta wakilci Nijeriya a gasar masu riƙe da kofuna ta Afirka a 1988, ta yi ta tsallake zagaye har wasan ƙarshe, inda Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ci ɗaya tak a wasanni biyu. A shekarar da ta biyo, 1989, ta ɗauki kofin WAFU na Afirka ta Yamma bayan ta rinjayi ASEC ta Abijan. Duk mai hankali da ya ga abin da ya sami Abiola Babes ya san cewa ɗaukakar da ta rataya a aljihun mutum ɗaya tana iya tafiya a dare ɗaya, amma a lokacin murna ba a cika yin irin wannan lissafi ba.

Daga cikin wannan ƙungiya ne kuma cinikin 'yan wasa ya canza kama a idon mutanen Kaduna. Daniel Amokachi, haifaffen garin, yana saurayi ƙwarai kocin ƙasa Clemens Westerhof ya ɗauko shi daga Ranchers Bees, a 1990 ya tafi Club Brugge ta Beljiyam, bayan gasar cin kofin duniya ta 1994 kuma Everton ta saye shi a kan fam miliyan uku. Tijjani Babangida da Celestine Babayaro da Garba Lawal, dukkansu 'ya'yan Kaduna, suka bi wannan hanya ta Beljiyam da Holan. A shekarar 1990 ɗin nan aka ƙaddamar da gasar ƙwararru a Nijeriya, aka ce daga yau ɗan wasa sana'arsa ke nan. Amma darajar naira ta riga ta zube tun daga tsarin tsuke bakin aljihu na 1986, saboda haka abin da aka kira sana'a sai ya zama zangon jiran biza. Tun daga lokacin, burin yaro mai ƙafa a Kafanchan ko Kachiya ko Saminaka bai ƙara zama aikin reluwe ko na masaƙa ba.

Da masaƙu suka rufe, attajirai suka gaji, sai ragamar ta faɗa hannun gwamnatocin jihohi, waɗanda har yau su ke da galibin ƙungiyoyin babbar gasar ƙasa. Kano Pillars ta samu a 1990 daga haɗewar ƙungiyoyi uku, Jihar Kaduna kuma ta tsayar da Kaduna United. Ranar farin cikin Kaduna United ta zo a 2010, 'yan watanni bayan Patrick Ibrahim Yakowa, mutumin Fadan Kagoma ta ƙasar Jama'a, ya hau kujerar gwamna, lokacin da ta doke Enyimba ta Aba a bugun fenareti ta ɗauki kofin ƙasa, ta kuma kai matakin rukuni a gasar Afirka a shekarar da ta biyo. Kocin da ya ciyo wannan kofi, Maurice Cooreman, mutumin Beljiyam, shi kansa littafi ne a kan yadda ake riƙon masu horarwa a ƙasarmu: ya ɗauki lig da Ocean Boys a 2006, ya horar da Enyimba ɗin da ya zo ya doke, ya bar Kaduna ya bi ta Warri da Gombe, ya kuma horar da Akwa United. Mutum mai irin wannan nasara bai sami wurin da ya daɗe ba, balle na ƙasa da shi, wanda akan ba wa wa'adin wasa uku ya gyara ko ya kama gabansa, sau da yawa kuma yana bin bashin albashi. A 2014, shekara huɗu kacal bayan kofi, Kaduna United ta faɗa rukuni na ƙasa.

Illar mallakar gwamnati ita ce ba a san mai ita ba. Attajiri ko da ya gaji, an san ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Amma ƙungiyar jiha tana tsakanin kwamishina da shugaban hukumar gudanarwa da akanta, kowane zaɓe yana iya zuwa da sababbin fuskoki, kuɗin sa hannu da aka yi wa ɗan wasa alkawari a mulkin wani sai ya zama tarihi a mulkin wani. Masu zaman kansu da suka yi ƙoƙarin cike giɓin su ma ba su tsira ba. Kada City ta Kaduna ta hau babbar gasa a kakar 2019, ba ta ƙarasa kakar ba ta sayar da gurbinta ga Delta Force ta Jihar Delta, ita kuma kafin shekara ta fita ta sayar wa Kwara United. Gurbi ɗaya ya kwana a jihohi uku cikin shekara guda, kamar buhun citta da aka saya a kasuwar Kwoi yana sauya hannu kafin ya isa tashar ruwa. Magoya bayan da suka yi ta tafawa har ƙungiyar ta hau kuwa ba wanda ya nemi shawararsu.

A duk waɗannan zamunna kudancin Kaduna na gefe ne. Tana da filin wasa na gari a Kafanchan, tana da gasannin ƙarshen shekara da ake yi tsakanin unguwanni da ƙauyuka lokacin da 'yan birni suka dawo gida Kirsimati, waɗanda galibi ɗan siyasa ko wani mai hali ke sa wa kofi. Amma ba ta sami masana'antar da za ta gaji reluwe ba, kuɗin citta kuma a hannun 'yan kasuwar nesa yake taruwa, sabon layin dogo na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016 ma bai biyo ta Kafanchan ba. Yaron da ya yi fice a nan dole ya nufi Jos ko Kaduna ko Abuja, ya shiga hannun masu makarantun ƙwallo da dillalai, waɗanda a cikinsu akwai na kirki, akwai kuma masu karɓar kuɗin gonar uba da sunan gwaji a Turai.

A 'yan shekarun nan wani sabon ubangida ya fito, wanda magabata ba su san irinsa ba, wato ɗan wasan da ya tafi ya samo. Sadiq Umar, ɗan Kaduna da ya yi wasa a Italiya da Sabiya kafin ya kai Almeria da Real Sociedad a Sifen, ya haɗa hannu da Bello El-Rufa'i sun karɓi Ranchers Bees, wadda ta daɗe tana jan ƙafa a ƙananan rukunai. Wannan wani hannu ne kuma da ƙungiyar ta shiga tun daga zamanin masana'antar makamai, kuma kuɗin da ake fatan su tashe ta sun fito ne daga kasuwar nan ta Turai da ta kwashe mata Amokachi a 1990.