Daga 'Yan Awaki Zuwa Hanyar Aba

Muna yara aka yi rikicin Maitatsine a Kano, cikin Disambar 1980. Sai da Shagari ya tura soja unguwar 'Yan Awaki, mutum fiye da 4,000 suka rasu. A lokacin, jaje maƙwabta suka yi wa iyayenmu a nan Kudu.

Zuwan Boko Haram ya canja wannan. A Yunin 2014 soja suka tare motoci kusa da Aba, suka kama 'yan Arewa 486, wai ana zarginsu. To, ina ruwanmu da masu kashe masallata? A Nuwamban shekarar nan ma, 'yan'uwanmu ne bom ya hallaka a babban masallacin Kano. Amma har yau, in an isa shingen bincike, mai hula da buhun albasa ake fara saukewa.