Amya da Akwati a Bakin Iyakar Galabat

Ana saura mako biyu a fara yankan riɗi, wani saurayi daga Galabat ya turo mini saƙon murya a shirin manoma da nake gabatarwa. Bayan gaisuwa sai ya ce, "Yaya, in Allah ya sa na sayar da riɗina ina so in fara kiwon zuma. Abokaina sun ce in sayi akwatin zamani, Baba kuma ya ce in saƙa amya kamar yadda ya gada. Kuɗin nan su ke nan gare ni. Wanne zan ɗauka?" Na ba shi amsa cikin minti biyu, irin amsar da agogon situdiyo ke tilasta wa mutum. Da na koma gida abin ya tsaya mini a rai, domin garin da yake magana daga cikinsa ya fi shekara 150 yana cinikin abin da ƙudan zuma ke samarwa, kuma amsar tambayarsa tana cikin wannan tarihi.

Galabat tana kudu maso gabashin Gadarif da tafiyar kilomita 150 da 'yan kai, daf da iyakar Habasha. Rafi ne kawai, mai ƙafewa da rani, ya raba ta da Matamma. Mutanen da suka raya ta tun ƙarni na 18 su ne Takari, wato alhazan da suka fito daga yamma, daga Darfur da ƙasashen da ke bayanta, suka tafi Makka ko suka dawo, suka ga ƙasa mai kyau suka zauna. Hausawa da Fulani da Barebari sun yi ta ƙaruwa a kan wannan hanya, musamman bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira da jama'a har bakin Shuɗin Nilu. Kakana ya biyo sahu daga baya, daga ƙasar Haɗeja, da ƙafa. Guzuri ya ƙare masa a yankin Gadarif, ya tsaya noman damina ɗaya don ya tara kuɗin jirgin ruwa. Damina ɗayar nan ce ta zama mu.

A littattafan tarihi an fi sanin Galabat da yaƙi. A nan ne dakarun Mahadi ƙarƙashin Zaki Tamal suka gwabza da Habashawa a watan Maris na 1889, aka harbi Sarki Yohannes na Huɗu ya mutu. A nan ne kuma sojojin Ingila ƙarƙashin Birgediya Slim suka kai wa Italiyawa hari a watan Nuwamba na 1940. Ni dai kasuwar ta fi damuna. Bature mai yawon bincike Samuel Baker ya sauka garin a 1862, ya tarar da Shehun Takari mai suna Juma yana mulki, ya kuma tarar da kasuwa inda auduga ke hawa tudun Habasha, gahawa da fatu da kakin zuma suna gangarowa. Mai karatu ya riƙe wannan kalma ta kaki, za mu dawo kanta.

Dalilin yawan kakin ba ɓoyayye ba ne. Manomin Habasha yana yin amyarsa doguwa kamar ganga, da gora ko ɓawon itace, ya shafe ta da laka da kashin shanu, ya rataye a bishiya ko a gindin rufin ɗaki. In zuma ta nuna sai ya yanko saƙar gaba ɗaya. Mafi yawanta tana tafiya wajen masu haɗa abin shan da suke kira tej, su kuma in sun jiƙa ta sai kakin ya taso sama, a kwashe, a narka, a zuba shi dunƙule-dunƙule. Coci-cocinsu na ɗaukar wani don kyandir, saura ya bi alfadarai zuwa kasuwannin iyaka. Kaki kaya ne na fatake: ba ya ruɓewa, ba ya tsiyaya a hanya, ba ya buƙatar tulu. Har yau Habasha ce kan gaba a Afirka wajen samar da zuma, kuma akasarinta daga irin wannan amya take fitowa.

Amyar da kakanninmu suka zo da iliminta daga ƙasar Hausa 'yar'uwar wannan ce. Ina yaro na sha zama kusa da kakana yana saƙa ta da ciyawa da tsumagu, ya yaɓe cikinta da kashin shanu, ya bar ta ta bushe, ya turara ta, ya goga tsohon kaki a bakinta don ƙamshin ya jawo ƙuda. A gida, in ji shi, a kan ɗorawa ko tsamiya ake ɗaura ta, har akwai garuruwan da ke da Sarkin Zuma. A nan kuwa ya koma ga kurna da dushe da dakwara. Ba ya sayen ƙuda, ba ya ciyar da shi. Yakan ɗaura goma, shida ko bakwai su kamu, ya gode wa Allah. Ranar ɗiba sai dare ya yi, a hau da igiya da damin ciyawa mai hayaƙi. Ba zan yi wa amya kwalliya ba: a wannan dare ƙuda da yawa na ƙonewa, ana yanko saƙar da ke ɗauke da 'ya'ya tare da mai zuma, zumar takan fito da warin hayaƙi, sau da yawa kuma gidan ya watse ke nan. Wutar ɗiban zuma ta sha cinye daji. Shan zuma sai da harbi, haka ne, amma a tsohon tsari ƙudan ne ya fi mai shan jin jiki.

Wannan ɓarna ce ta dami wani limamin coci a Filadelfiya ta Amurka, Lorenzo Langstroth. A 1851 ya lura da wani abu ƙarami: in aka bar rata ta kimanin milimita 6 zuwa 9 tsakanin katako da katako, ƙudan zuma ba ya cike ta da saƙa, ba ya kuma toshe ta da ƙaro, hanya yake mayar da ita. Da wannan ya ƙera akwati mai firam-firam da ake zarowa ɗaya bayan ɗaya kamar fayil a durowa, ya yi masa rajista a watan Oktoba na 1852. A 1857 wani Bajamushe, Johannes Mehring, ya fito da faifan kaki da ake sa wa a firam don ƙuda ya gina saƙa a miƙe. A 1865 Franz von Hruschka ya ƙirƙiro injin da ke juya firam da ƙarfi zuma ta fita, saƙar ta rage lafiya a mayar wa ƙuda.

To ga inda tarihin biyu suka rabu. Masana sun ƙiyasta cewa ƙuda na cin zuma kilo 6 zuwa 8 kafin ya samar da kilo ɗaya na kaki. Hikimar akwatin Langstroth ita ce a hana shi wannan wahala, a riƙa mayar masa da saƙarsa, ya duƙufa kan tara zuma. Don haka akwatin yana ba da zuma mai yawa, mai tsabta, kaki kuwa ɗan kaɗan. Kayan da ya cika kasuwar Galabat a zamanin Baker shi ne ainihin abin da akwatin zamani aka ƙera don a daina fitarwa. Sannan akwati ba ya tafiya shi kaɗai. Yana son faifan kaki, da waya, da injin juyawa, da kafinta wanda ba ya kuskuren milimita. In katako ya kumbura da damina ya motse da rani, ratar nan ta ɓaci, sai ƙuda ya liƙe firam da firam, akwatin tsada ya koma amya mai kusurwa huɗu.

Na san haka domin na taɓa ƙonewa. Shekarun baya wata ƙungiya ta kawo akwatuna yankinmu, ni ma na yi ta yabon su a rediyo, har na sayi biyu na kai gonar kawuna. Ɗaya bai taɓa kamuwa ba. Ɗayan ya kamu da kaka, na yi ta murna, da zafin bazara ya tsananta fure ya ƙare sai na je na tarar babu kowa, sai tsutsar kaki tana cin saƙa. Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗana, ƙudan ƙasar nan Takari ne kamar mu, in wuri ya ƙi shi tashi yake." Gaskiya ya faɗa. Ƙudan Turai ya saba da hunturu, dole ya zauna ya tara abinci. Namu ya saba da rani, in ruwa da fure suka yanke, ko aka cika buɗe masa gida, sai ya kwashe ya bi dausayi. Mai amya goma in uku sun gudu ciyawa ya yi asara. Mai akwati biyu in ɗaya ya gudu rabin jarinsa ya zauna banza.

Akwai hanya ta uku, kuma ita ma tsohuwa ce. Tun 1682 wani Bature ɗan Ingila, George Wheler, ya ba da labarin manoman Girka da ke jera sanduna a bakin kwando, kowace sanda ƙuda ya rataya mata saƙa guda. Wajen 1971 malamai biyu na Jami'ar Guelph ta Kanada, Maurice Smith da Gordon Townsend, suka sabunta dabarar don manoman Kenya. Amyar Kenya kamar kwamin shayar da dabbobi take, faɗi a sama, tsukakke a ƙasa, don kada saƙa ta manne da bango. Abu ɗaya ne a cikinta ba ya son wasa, faɗin sandunan: kimanin milimita 32 ga ƙudan Afirka, wanda ya ɗan fi na Turai ƙanƙanta. Sauran jikin ko da kara da laka aka yi ya wadatar, kuma manoman Habasha na yin ta haka. Kana ɗaga sanda ka ga wadda ke da zuma nunanniya ka yanke, ka bar mai 'ya'ya. Ba inji, ba faifai, ka matse saƙa ka sami zuma ka kuma sami kaki. Aibinta shi ne saƙar ba ta da abin riƙewa sai sandar sama, in an karkata ta cikin zafin rana sai ta ɓalle, kuma ba ta jure jijjigar mota.

Wani abin da ya sa na fi karkata gare ta ga ɗan koyo a yankinmu shi ne bishiya. Tun da aka fara noman tarakta a Gadambaliya a tsakiyar shekarun 1940, dajin Gadarif yake ta komawa filin dawa da riɗi, gawayi kuma ya ƙarasa abin da garma ta bari. Manyan itatuwan da kakana ke hawa sun yi ƙaranci. Amyar sanduna ana iya rataye ta da waya tsakanin turaku biyu a inuwa, daidai ƙugu, inda gara da kwarkwasa ba sa kaiwa, a kuma ajiye wa ƙuda ruwa kusa da rani. Furen riɗi abinci ne mai kyau gare shi, muddin an san ranar da maƙwabci zai yi feshi a toshe ƙofa tun asuba. Ga kuma halin da ake ciki tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilu na 2023: hanyar Galabat ta cika da masu gudun hijira, duk kayan da sai an yo odarsa daga nesa ya yi tsada ko ya ɓace. Ba lokacin dogara da faifan kakin da za a jira daga Khartum ba ne.

Da na sake kiran saurayin, abin da na ce masa ke nan: kada ya zuba kuɗin riɗin a wuri guda. Ya zauna da Baba su saƙa amya huɗu ko biyar, don a wurinsa zai koyi inda ƙuda ke bi da watan da yake sauka, ilimin da ba a sayarwa tare da akwati. Ya kai wa kafinta awon sanduna ya yi masa amyar Kenya guda biyu, ya sayi rigar kariya da abin hura hayaƙi. Akwatin Langstroth ya bari sai ya shekara biyu yana ɗiba, ya kuma sami abokai huɗu ko biyar da za su haɗa kuɗin inji, domin a hannun wanda ya ƙware kuma yake da mai saye a birni babu abin da ya kai shi yawan zuma.

Ya yi shiru, sannan ya ce Baba ba zai yarda a ajiye zuma a ƙasa ba, wai dage zai fasa. Na ce ya gaya masa rataye ta za a yi, in ya so shi ya zaɓi wurin. Bayan wata uku ya turo mini hoto: amya uku a kan wata tsohuwar kurna, ɗaya ta sanduna tana lilo a ƙarƙashinsu, dattijon na tsaye gefe riƙe da dunƙulen kaki da ya ce tun na mahaifinsa ne, da shi aka goga bakin duka huɗun. Biyu daga na saman sun kamu. Ta ƙasan, a ranar da ya ɗauki hoton, ƙuda na ta shawagi a ƙofarta bai shiga ba tukuna.