Tushen Jinkirin Jirgin Fasinja a Tsohon Layin Dogo na Legas zuwa Kano

Tsakure

Maƙalar ta nazarci dalilan da suka sa jirgin fasinja na dogon zango yake kasa cika lokaci a layin Legas zuwa Kano. An duba tsarin layin da tarihinsa, aka gwada da yadda Jamus take auna latti. An gano cewa shimfiɗar layin ita ce babbar hanyar yaɗuwar jinkiri.

Gabatarwa

Dogo ya iso Kano a 1911 daga Baro, a 1912 kuma aka haɗe shi da layin Legas. Tsawon layin Legas zuwa Kano kilomita 1,126 ne, faɗinsa milimita 1,067. Bayan shekarun durƙushewa, Hukumar Jiragen Ƙasa ta Nijeriya ta maido da jigilar fasinja a Disambar 2012, tafiyar da aka ƙiyasta za ta ci kimanin awa 30. Ke nan ko a jadawali, matsakaicin gudun jirgin bai kai kilomita 40 a awa ba.

Nau'o'in Jinkiri

Jinkiri iri biyu ne. Na farko na asali: kan jirgi ya lalace, tarago ya goce, ko ruwan damina ya yanke ƙasar da ke ƙarƙashin dogo. Na biyu wanda jirgi yake gada daga wani jirgin, kuma a nan matsalar take. Layin tilo ne, jirage biyu ba sa iya wuce juna sai a tasha mai layin ratse. Idan jirgin da ya taso daga Kano ya makara a Zariya, dole wanda ya baro Legas ya tsaya a wata tasha, kamar Minna ko Zungeru, har sai hanya ta buɗe. Shi ma sai ya tsare jirgin kayan da ke biye da shi. Lalacewar inji guda kan rikita jadawalin layin baki ɗaya. Yawan kwana da hawa, waɗanda aka bari don rage kuɗin aiki zamanin mulkin mallaka, suna hana direba ƙara gudu ya fanshe lokacin da ya ɓata.

Ma'aunin Latti

Domin kwatance, kamfanin Deutsche Bahn na Jamus yana ɗaukar jirgi a matsayin wanda ya zo kan lokaci idan lattinsa bai kai minti 6 ba. A 2024, kashi 62.5 cikin 100 na jiragensa na dogon zango ne kawai suka cika wannan sharaɗi. Adadin ba abin alfahari ba ne, amma wallafa shi ya ba fasinja hujjar tuhuma, ya kuma nuna wa injiniyoyi inda cikas yake.

Kammalawa

Sayen sababbin taragai ba zai magance jinkiri ba muddin layin yana nan tilo. Maƙalar tana ba da shawarar a ƙara wuraren ratse, a sabunta sigina, a gyara kwalbatoci kafin damina, a kuma riƙa wallafa lokutan isowar jirage kowane wata. Ɗan kasuwar da ya ɗauko tumatir daga Kano, da uwar da ta kwana a tarago da jariri, suna da haƙƙin sanin lokacin da za su sauka.