Katakon da Ya Zama Hukuma

A tsohon Turanci, tun kafin Normawa su ci Ingila da yaƙi a 1066, "bord" katako ne, falle guda da aka tsaga daga itace. A manyan gidajen wancan zamani ba kasafai ake kafa teburin dindindin ba. In lokacin cin abinci ya yi, barori su kawo ƙafafu su ɗora dogon katako a kai. Da an gama sai a ɗauke shi a jingine da bango, domin a zauren nan yaran gida suke kwana.

Da haka katakon ya zama tebur, sannan sunan ya koma kan abin da ake ɗorawa a kai. Zuwa ƙarni na 14, "board" na nufin abincin kansa. Baƙon da ya kama ɗaki a gidan wani yakan biya kuɗin "bed and board", wato makwanci da ci. Daga nan "boarding school" ta samo suna. Hausa ta kira ta makarantar kwana, ta dubi barci, Turanci kuwa cikin ɗalibi ya duba.

Kalmar ta shiga wasu lunguna. "Cupboard", kabad ɗinmu na yau, asalinsa katakon jera kofuna ne. 'Yan karta da suka bar hannuwansu bisa tebur, ba ɓoye-ɓoye, su suka haifar da "above board", ma'ana abin da ba maguɗi. Gefen jirgin ruwa ma katako ne, shi ya sa har yau fasinjan jirgin sama ke karɓar "boarding pass".

Amma babban tsallen shi ne na mulki. A kan teburin da aka ci abinci ake zama shawara, sai aka riƙa kiran mazaunansa da sunansa. A 1696 Sarki William na Uku ya kafa majalisar da aka sani da Board of Trade, mai kula da ciniki da ƙasashen mallaka. Wannan ma'anar ce ta biyo Turawan mulki zuwa Najeriya. Hukumar cinikin amfanin gona ta Jihar Arewa, wadda aka kafa a 1954 kuma ake kiranta "board" da Turanci, ita ce ta riƙa yanka farashin gyaɗar da ake tara dala da ita a Kano a wancan zamani. Harafin ƙarshe na JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a da aka kafa a 1978, wato B na "board", shi ma katakon nan ne na zauren Ingila.