Matan Kudancin Kaduna a Bakin 'Yan Jarida

Ranar 18 ga Oktoba 2018 rikici ya ɓarke a Kasuwan Magani da ke ƙaramar hukumar Kajuru, 'yan sanda suka ce mutum 55 ne suka rasu. Hoton da irin wannan rana kan bari a idon jama'a sananne ne: mace ta ɗora hannu a ka tana kuka a gaban rumfar da ta zama toka. Hoton gaskiya ne. Sai dai in shi kaɗai ake nunawa shekara da shekaru, mutane kan saba da ganin matan yankin a matsayin waɗanda ake yi wa jaje, su manta cewa matan nan suna da ƙungiyoyi da buƙatu da shugabanni.

Wannan ɗabi'a tana da tarihi. A shekarun 1950, lokacin da Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya take yawon tara mata a inuwar jam'iyyar NEPU, abokan hamayya sun laƙaba wa matan jam'iyyar sunan karuwai, aka yi ta ɗaure ta. Matan Arewa ba su sami 'yancin jefa ƙuri'a ba sai 1976. Yau akwai babban asibiti a Zariya mai ɗauke da sunan Gambo Sawaba, alhali abin da ta nema bai sauya ba, masu ba da labarin ne suka sauya baki. Kudancin Kaduna kuwa ya san ƙarfin kafar labarai tun Maris 1987, sa'ad da rikicin Kwalejin Ilimi ta Kafanchan ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa da Katsina, aka kuma zargi Rediyon Tarayya na Kaduna da ruruta wutar. Kafar da ke da wannan ƙarfi ba ta cika bin sawun Zumuntar Mata ta coci-coci ba, ko ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, ko majalisar matan addinai biyu da aka kafa a Kaduna a 2010, duk da cewa irin waɗannan ne ke dafa wa 'yan gudun hijira abinci bayan masu kyamara sun tafi. Da mata suka yi zanga-zanga a Zangon Kataf a Yulin 2020 kan kashe-kashe, tsiraicin wasunsu ne ya mamaye kanun labarai, buƙatarsu ta tsaro ta koma baya.

Wani zai ce ɗan jarida ba shi da laifi, domin ofisoshin kafafen labarai suna Kaduna da Abuja da Legas, kuɗin mota ba ya isa, kuma ba don hoton hawaye ba da hukuma ba ta motsa ba. Akwai gaskiya a nan, kuma ba wanda ya ce a ɓoye kuka. Amma wanda ya kai ga ɗaukar hoton mace ya kai ga tambayar ta me take nema, wannan ba ya cin ko kwabo. Matsalar tana ga wanda ke zaɓen labari. Marigayiya Bilkisu Yusuf, wadda ta yi editar Sunday Triumph a Kano da New Nigerian a Kaduna, tana kuma cikin waɗanda suka kafa FOMWAN, ta nuna cewa kujerar edita da fafutukar mata suna iya zama a hannu ɗaya. Mai son sanin matan Kasuwan Magani ya je ranar da kasuwa ke ci lafiya, ya ga 'yar ƙabilar Adara da Bahaushiya suna ciniki da ba juna bashi, ya rubuta sunayen ƙungiyoyinsu tun kafin wata wutar ta tashi.