Bushiya da Allurar da Ta Iso Ƙasar Adar

A shekarar 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu a tashar jiragen ruwa ta Massawa, a gaɓar Bahar Maliya, alhali ba su san cewa annobar bushiya na cikin jikin shanun ba. Kafin shekara huɗu su cika, cutar ta keta nahiyar daga gabas zuwa yamma har ta iso ƙasar Hausa, inda a garke da yawa cikin shanu goma da ƙyar ɗaya ke tsira. Saniya takan fara da zazzaɓi, sai hawaye da majina, sai gyambo a baki, sai zawon da ba ya tsayawa, sannan ta kwanta kwanciyar da ba tashi. Fulani da Abzinawan Kel Geres da ke kiwo tsakanin Madawa da Buza da Kaita, a ƙasar Adar da kewayenta cikin Nijar ta yau, da manoman da suka ba su amanar dabbobinsu, duka musibar ta haɗa su, domin wanda jiya yake fitar da zakkar shanu ya wayi gari cikin miskinan da suka cancanci karɓarta.

Da Nasaran Faransa suka kafa ma'aikatar kiwo, makiyayi bai yi saurin amincewa da ita ba, kuma ina ganin yana da hujja, tun da hukumar da ke aiko mai allura ita ce mai aiko mai ƙidayar haraji, wanda kuwa ya kai shanunsa duka wurin rigakafi ya bayyana adadin dukiyarsa ke nan.

Babban yunƙurin ya zo ne bayan samun mulkin kai. An yi taro a Kano a 1961, kuma a 1962 Nijar da Najeriya da Cadi da Kamaru suka fara aikin haɗin gwiwa da aka sani da JP15, wanda daga baya ya dogara ga allurar da Walter Plowright ya samar a Kenya, wadda sau ɗaya ta wadatar da saniya tsawon rayuwarta. Akan huda kunnen duk wadda aka yi wa, don a shaida ta baɗi. Cutar ta lafa har aka zaci ta ƙare, sai hukumomi suka yi sakaci da maruƙan da ake haifa, alhali ragowarta na nan a ɓoye wajen iyakar Mali da Muritaniya. A farkon shekarun 1980 ta sake ɓarkewa, ta yi mummunar ɓarna a arewacin Najeriya a 1983, sannan farin 1984 ya zo ya tarar da makiyayan Adar ba su gama farfaɗowa daga na 1973 ba.

Illar allurar Plowright ita ce zafi na kashe ta, don haka sai inda mota da ƙanƙara suka iya kaiwa take amfani, wanda kuwa ya san tsaunukan Adar da kwazazzaban da ke raba ƙauyukan Babankatami da babbar hanya ya san cewa rugage da yawa ba su cikin wannan lissafi. Wani likitan dabbobi Ba'amurke na jami'ar Tufts, Jeffrey Mariner, shi ya yi ijtihadin busar da allurar ta yadda za ta jure zafi makonni, kuma a Nijar aka jarraba ta a daji, aka buga sakamakon a 1990. Daga nan ta yiwu a ɗauke ta a ƙafa ko a bayan raƙumi, a kuma danƙa ta ga ƴaƴan makiyaya da aka horar. A 2011 aka yi shelar cewa bushiya ta gushe daga bayan ƙasa, ita ce cuta ta biyu da Allah Ya ba ɗan Adam ikon kawarwa bayan agana.

Amma talakan Buza ko Tamaske, galibi, ba mai shanu ba ne. Dukiyarsa tumaki ne da awaki da ba su kai nisabin arba'in ba, mafi yawansu na mata, su ake kaiwa kasuwar Tunfafi idan rumbu ya ƙare ko yaro ya kwanta ciwo. Tumaki da awakin ma suna da tasu annobar, ƴar'uwar bushiya, wadda aka fara ganewa a Kodebuwa a 1942, kuma duniya ta ɗauki alkawarin kawar da ita nan da 2030. Lokacin da gwamnatin Nijar ta janye hannu daga sayar da maganin dabbobi a shekarun 1990, masu talla suka cike gurbin da magungunan da ba a san asalinsu ba, har sai da aka fara wani tsari a Dakoro a 2003, da taimakon ƙungiyar likitocin dabbobi ta Beljiyam da ƙungiyar Karkara, inda likita ɗaya mai zaman kansa ke kula da mataimaka da al'umma ta zaɓa daga cikinta. Tsarin ya bazu zuwa wasu jihohi, har da Tawa. Gwamnati na yin rigakafin annobar awaki da ciwon huhun shanu kyauta kowace shekara, amma maganin tsutsar ciki da dussa da ƙwayar auduga a watannin bazara, lokacin da rama ke buɗe wa kowace cuta ƙofa, daga aljihun mai akuya suke fita, a daidai lokacin da farashin akuyar ya faɗi, na gero kuma ya hau.